Rakiya Har Bakin Gada

Na zauna a ƙasashe da dama, kuma duk inda na je na tarar mutane suna da yadda suke rabuwa da baƙo. A Abidjan sai ka roƙi hanya kafin a sallame ka, kuma rabinta kawai za a ba ka, wai don ka dawo neman sauran. A Istanbul na ga tsohuwa tana watsa ruwa a bayan mai tafiya. A wani gari na Turai da ba na son tunawa, ban gama ɗaura igiyar takalmi ba na ji an murza makulli a bayana. Amma ban taɓa ganin wanda ya ɗauki rakiya da zafi ba kamar aminina na Tarauni.

Bazazzagi ne, tsohon ma'aikacin safiyo, wanda ya ƙare ƙuruciyarsa yana awon filaye a daji da ƙafa. Ni kuwa Bakano ne, gidana yana Gyadi-Gyadi, kuma aikina a da shi ne tafinta da dillancin kaya tsakanin 'yan kasuwarmu da na waje. In na kai masa ziyara na miƙe zan tafi, kafin in sa hula ya riga ni fita. Mu bi ta bayan kasuwa, mu wuce masu faci, har bakin titi. Shi zai tsayar da adaidaita sahu, shi zai yi ciniki, sannan ya tsaya hannu a baya har sai mun sha kwana.

"Malam, koma haka nan, rana ta yi," in ce masa.

"In bar Bakano shi kaɗai a unguwarmu? Kafin ka kai titi ka sayar da layin nan har da mutanen ciki."

"Bawa dai ba ya barin ubangidansa ya tafi shi kaɗai, na gane."

"Shiga mota, ɗan tireda. Allah Ya shirye ka."

Yanzu ba ya raka ni. Ciwo ne ya fara hana shi, kuma ciwo daga Allah yake, ba ni da ja. Rigimata da wasu mutane ce da ban taɓa gani ba, ma'aikatan wani kamfanin wasan kwamfuta a can wata ƙasa mai sanyi, waɗanda suka ƙwace masa ɗan abin da ciwon ya rage masa, kuma har gobe ba su san sun yi ba.

Wasan na san shi tun wajen shekara ashirin da suka wuce, a Guangzhou, lokacin da kayanmu suka maƙale a tashar jirgin ruwa, muka rasa abin yi sai zama. Wani ɗan kasuwa Basudane, sa'ana, shi ya ja ni wani ɗakin kwamfutoci ya nuna mini. Duniya ce aka zana, da garuruwa da dazuzzuka da koguna, kowa yana da mutuminsa a ciki da yake tafiyar da shi, kuma duk wanda ka gani yana yawo a kasuwar wasan mutum ne na gaske a wani wuri a duniya yana zaune gaban tasa kwamfutar. Kana farawa ba ka da komai, sai 'yar wuƙa da riga. Kana farauta, kana aike-aike, kana hawa mataki a hankali, ƙarfinka yana ƙaruwa.

Akwai wani tsohon birni mai ganuwa a bakin kogi inda kowa yake farawa. Daga ƙofarsa ta yamma hanya ta ratsa wani daji mai duhu, ta wuce wata rijiya, ta kai ga gadar katako. Bayan gadar sai tudu da filin ciyawa. A wancan zamanin hanyar nan ba a bin ta kai kaɗai, domin kuraye da 'yan fashi sun cika dajin. Sai ka ga sababbin shiga sun taru a bakin ƙofa kamar fatake suna jiran madugu, wani yana rubutu da Faransanci, wani da Larabci, wani da Turancin da shi kaɗai yake gane abinsa. Nan na samu aikin da na iya. Ina tsayawa a ƙofar ina haɗa su, ina gaya wa wannan abin da wancan ya ce, har ayari ya cika mu tashi. Yaƙin bai taɓa damuna ba. Ƙofar nan ce ta riƙe ni.

Da aminina ya yi ritaya, zaman gida ya ishe shi, sai na kai shi wani kafe na kwamfutoci da ke kusa da mu a Gyadi-Gyadi, inda janareta yake ruri kamar zai tashi sama. Ya zauna yana yatsina.

"Yanzu da furfurarka, Alhaji, 'yar tsana kake kiwo?"

Na buɗe masa taswirar wasan. Yawancinta a rufe take da hazo, kuma ba ta buɗewa sai inda mutum ya taka da ƙafarsa. Ya gyara tabarau, ya matso da kujera. Ranar sai da mai kafe ya ce mana man janareta ya ƙare.

Ya zaɓi mutum mai sulke da garkuwa, mai nauyin tafiya, ya bi ƙasar nan lungu-lungu yana buɗe taswira. 'Yan majalisarmu sun yi mana dariya har suka gaji. Muka yi shekaru muna yi, daga kafe muka koma laftof a gida, muka hau mataki har muka kai inda ake kaiwa. Kuma wasan yana da wata ƙa'ida da nake ganin ita ce mafi hankali a cikinsa: in ka girme wa dabba nesa ba kusa ba, ba ta kula ka. Kurayen da suka sha cinye mu muna sababbi, sai ga shi muna wucewa ta gabansu suna kwance, ko kai ba sa ɗagawa. Kamar karnukan unguwa da dattijon da suka saba gani. Ba wanda ya ba mu wannan kyauta. Da ƙafarmu muka same ta.

To, sai kamfani ya fara abin da yake kira ƙari. Duk bayan 'yan shekaru sai a yi shela, a sako hotuna masu walƙiya, a ce duniya za ta faɗaɗa. Na ga faɗaɗa iri-iri a rayuwata, kuma na lura mai faɗaɗa titi ba ya tambayar wanda yake shan inuwa a gefensa.

Ƙari na farko tsibiri ne a bayan teku. Muka shiga jirgi da murnarmu. Muna sauka na kashe wata ƙaguwa a bakin ruwa, ta yar da wata wuƙa mai tsatsa. Na duba, sai na ga ta fi takobina ƙarfi, takobin da muka yi watanni mu goma sha wani abu muna wahala kafin in same shi. Aminina ya yi dariya har da tari, ya ce ashe duk shekarun nan ƙaguwa ta fi ni arziki. Ni ban yi dariya ba. Kowa ya kwashe ya koma tsibiri, kasuwar tsohon birni ta zama kufai. Na taɓa ganin irin haka a wani gari a hanyar Agadas da aka kewaye shi da sabuwar kwalta: masu shayi suna nan, tebura suna nan, ba mai tsayawa.

Ƙari na biyu ya kawo ƙofofin haske. Ka taka nan, ka ɓullo can. Ya kawo tsuntsayen hawa, kowa ya koma sama, ƙasa ta zama abin leƙe. Ayari ya mutu, domin ba mai bukatar madugu. Suka kuma sa wani maɓalli da in ka danna zai haɗa ka da baƙi huɗu, ya jefa ku cikin kogo, ku kashe abin da za ku kashe, ku watse. Na gwada. Na yi sallama da Turanci, shiru. Na yi da Faransanci, na yi da Larabci. Suna ta gudu kamar an biyo su. Da muka gama, kafin in rubuta na gode duk sun ɓace. Na yi tafiya a jirgin ƙasa da mutanen da ba ma jin yaren juna ko kalma ɗaya, muka rabu muna rungume da juna saboda mun ci gurasa tare. Waɗannan kuwa mun mutu tare, mun tashi tare, ba wanda ya ce wa wani sannu.

A ƙari na uku suka buɗe kanti. Matakin da muka yi shekaru muna hawa, yanzu ana sayar da shi. Yaro ya shigo da safe, ya biya, kafin azahar yana sanye da sulken dattawa, bai san hanyar rijiya ba. Irin digirin nan da ake rataya wa mai kuɗi a ɗakin taro, a sa masa hula mai tuntu, a tafa. Na yi ta faɗa a kan wannan har Bazazzagi ya ce in rufa masa asiri.

"Kai dai haushi kake ji ba kai ka fara sayarwa ba," in ji shi. "Bar su su tashi sama. Ba ka ga sun bar mana hanya ba?"

Gaskiyarsa. Tsohuwar hanya ta zama tamu mu biyu. Ba kowa a kanta sai mu da kuraye masu barci.

Ana nan sai wata safiya Hajiyarsa ta kira ni tana kuka, ta ce ya faɗi a tsakar gida bayan ya dawo daga masallaci. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Magana ta dawo bayan wani lokaci, da ɗan nauyi, amma hannu da ƙafa ba su dawo ba. Ranar da na fara zuwa gaishe shi a gida bayan an sallamo shi daga asibiti, mun yi hira lafiya, har ya zage ni sau biyu, na ji daɗi. Da na ce zan tafi, sai na ga ya dafa katifa da hannun hagu ya yunƙura. Jikin ya ƙi. Ya sake yunƙurawa, ya koma ya zube a kan matashi. Hajiya ta taho da sauri, ya ɗaga mata hannu. Ya juya fuskarsa wajen bango.

"Ka gaida gida," ya ce wa bangon.

Daga ranar, duk ziyara tana lalacewa a ƙarshenta. Da ya ga na duba agogo sai ya fara neman rigima, ko da Hajiya, ko da fanka, ko da ni. Mutumin da bai taɓa barin ko mai gyaran famfo ya fita gidansa ba tare da ya taka masa ba, yanzu baƙi suna miƙewa a kansa suna cewa "a'a, yi zamanka, Alhaji", kamar yana da zaɓi.

Babbar 'yarsa, malamar makaranta ce a Hotoro, ita ta sa kafinta ya yi masa wani ɗan tebur da ake ɗorawa a kan gado, ta ɗora masa laftof ɗinsa. Yaƙi ba zai yiwu da hannu ɗaya ba, balle na hagu. Amma tafiya maɓalli ɗaya ce, sai ɗan juyawa. Wata rana da hantsi ina shirin tashi, maimakon rigima sai ya ce, "In ka isa gida ka kunna abin nan."

Na isa, na kunna. Ga mutuminsa mai sulke tsaye a ƙofar masaukin da nake ajiye nawa a tsohon birni. Wayata ta yi ƙara.

"Fito mana," in ji shi. "Mu je in taka maka."

Muka fita ta ƙofar yamma, waya a buɗe a gefena, shi ma tasa a kan matashi. Muka ratsa daji a hankali, yana karkacewa yana gyarawa, wani lokaci ya yi karo da bishiya ya ce ita ta shigo masa hanya. Muka wuce rijiya. Da muka kai gada ya tsaya.

"To, Bakano, nan zan tsaya. Kada ka sayar da gadar."

Na haye, na hau tudu, na waiwaya. Yana nan tsaye a bakin gada. Sai da na gangara ɗaya gefen ya daina ganina sannan na kashe kwamfuta. Shi kuma ya juya ya koma shi kaɗai.

Haka muka yi damina biyu. In je Tarauni da hantsi, mu yi hira, in hau adaidaita in dawo, in kunna, ya raka ni gada kafin kiran azahar. Ranar da ba wuta, sola ta ɗauke mu. Hajiya ta gaya mini komawar ta fi tafiyar daɗewa, domin yakan tsaya a rijiya, yakan ratse bakin kogi ya tsaya yana kallon ruwa. Ta ce in ya shiga ƙofar birni sai ya rufe laftof ya ce a kawo abinci, kuma yana ci. Na san akwai masu cewa wannan shirme ne, tsofaffi biyu da 'yan tsana. Su faɗa. Ni na ga mutum ya daina yi wa bango magana.

Sai ƙari na huɗu ya zo. Wannan karon suka ce sun tausaya wa tsofaffin ƙasashe da aka yi watsi da su, za su farfaɗo da su. Yadda za su yi shi ne, kowace dabba a ko'ina za ta daidaita da matakin wanda yake gabanta. Kura ɗaya, in sabon shiga ya zo ta zama 'yar ƙarama daidai shi, in tsohon hannu ya zo ta kumbura ta zama daidai shi. Wai don kada kowa ya gaji da wuri, wai don ko'ina ya zama da armashi. Na karanta da Turanci, na karanta da Faransanci ko fassara ce ta ɓata, duk ɗaya. Wani ya zauna a ofis, da albashi, ya yanke cewa a duniyarsa ba za a ƙara samun wanda ya girme wa komai ba. Duk abin da ka wuce, ya taso ya kamo ka. Na zauna da mutane masu addini da marasa shi, ban taɓa ganin inda ake ƙara wa kare tsawo don kada dattijo ya wuce shi lafiya ba.

Ƙarin ya cinye mana data kafin ya gama sauka, kuma ba a tambayar mutum ko yana so. In ba ka sauke ba, ba ka shiga.

Ranar farko muna shiga daji kurayen suka miƙe. Su ɗin dai ne, a wurin da suka saba kwanciya, amma yanzu kowacce ta kai ɗan maraƙi. Na yi ta fama da hannu biyu, shi yana tsaye a tsakiya da garkuwarsa yana sa mini albarka irin tasa.

"Sare ta mana! Kai ko kaza ba ka iya yankawa ba. Ga wata a bayanka, ɗan tireda!"

Da ƙyar muka kai gada. Ya tsaya inda ya saba.

"Malam," na ce, "yau dai mu koma tare, in kai ka ƙofa."

"Wa ya gaya maka ana raka mai rakiya? Haye ka ba ni wuri."

Na haye. Na gangara tudu, amma ban kashe waya ba, shi ma ya manta da tasa. Ina jin ƙarar maɓalli, ina jin numfashinsa yana ƙaruwa. Na ji Hajiya daga nesa tana cewa, "Alhaji, lafiya?" Sai ƙarar maɓallin ta tsaya. A wasan, wanda aka kashe yana farfaɗowa ne a maƙabartar bayan gari, a tsakiyar kaburbura. Mu masu lafiya mun saba, ba ma ko lura.

"Bakano," ya ce can, da muryar da ba wasa a cikinta, "sun kai ni maƙabarta."

Na gwada duk abin da na sani. Akwai wani dutse da kowa yake da shi a jaka, in ka danna ya mayar da kai masauki nan take. Ya yi sau ɗaya ya ce ba zai ƙara ba, wai kamar an dawo da shi a motar asibiti. Ya ce mai rakiya da ya ɓace a gaban baƙonsa aljani ne. Na ce to mu riƙa rabuwa a ƙofar birni, inda ba kuraye. Ya ce rakiyar bakin ƙofa ta mai gidan haya ce da yake son ya tabbatar ka fita. Wata rana na yi kamar na gangara tudu, na zagayo ta cikin bishiyoyi ina bin sa daga nesa, ina kashe kurayen kafin su kai gare shi. Bai yi nisa ba ya tsaya cak.

"Gawar kura a gabana, ni ban kashe ba. Fito."

"Wataƙila wani mai wucewa ne."

"Shekara nawa muna bin hanyar nan, ka taɓa ganin mai wucewa? Ni za ka yi wa gadi? A gida a ɗaga ni, a kwantar da ni, a juya ni, nan ma sai an biyo ni?"

Ya kashe wayar. Wannan ne karo na farko tun da muka san juna da ya kashe mini waya.

Na shiga dandalin da 'yan wasan suke tattaunawa na rubuta bayani da harsuna uku. Ban roƙi a rushe musu ƙarinsu ba. Na ce a bar hanya ɗaya tak yadda take, ko a sa maɓallin da mutum zai ce shi ba ya son a farfaɗo masa da komai. Wani ya amsa cewa in koyi wasa. Wani ya ce tsofaffi kullum kuka suke. Wani, da kyakkyawar niyya, ya ce akwai damisar gadi a kanti, in saya wa abokina. Daga kamfani kuwa aka turo mini godiya mai santsi, suna murna da na daɗe tare da su, suna fatan ina jin daɗin sabuwar duniya. Na yi aiki da jami'an kwastan a tashoshi da yawa, kuma ko mafi taurin kai a cikinsu yakan ɗaga ido ya dube ka kafin ya ce a'a.

Daga baya ma suka fito da tsohon wasan yadda yake tun farko, a gefe guda, ga mai so. Na yi murna na kwana ɗaya. Ashe sai ka faro daga matakin farko, da 'yar wuƙa da riga, ka sake yin shekarun nan da hannu biyu. Sun rushe maka gida, sun gina irinsa a wani fili, sun ce bismilla, amma ka fara daga haƙa tushe.

Ban san yana gwada bin hanyar gada shi kaɗai ba sai da Hajiya ta kira ni. Ta ce tun safe yake abu ɗaya, ya fita ƙofa, a kashe shi, ya tashi a maƙabarta, ya sake fita. Ta ce gumi ya jiƙa masa riga, kuma da aka auna jininsa ya hau. Likita ya ce a raba shi da duk abin da yake tayar masa da hankali. 'Yarsa ta zo da yamma ta ɗauke laftof ɗin tana ba shi haƙuri. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, an ce bai yi musu ba.

Na je washegari da hantsi, Hajiya ta tare ni a zaure, idonta a ƙasa, ta ce Alhaji yana barci. Na koma bayan kwana biyu, yana barci. Mutumin da ban taɓa sanin yana barcin hantsi ba. A karo na uku na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, yau ko minshari yake zan shiga." Ta matsa gefe.

Idonsa biyu, yana kallon rufi, carbi a hannun hagu.

"Wa ya ba ka izini?"

"Ubangida ba ya neman izini a ɗakin bawansa."

Bai yi dariya ba. "Alhaji, baƙon da ba za ka iya rakawa ba, kada ka karɓe shi. Haka aka koya mini."

"Ni baƙo ne a gidan nan?"

"Duk wanda zai miƙe ya yi sallama ya tafi, baƙo ne."

Sai na zauna. Na ba shi labarin rigimar da ake yi a layinmu kan kwata, da yadda wani maƙwabcina ya ci taku biyu na hanya da katangarsa. Nan ya ɗan farfaɗo, ya tambayi faɗin layin, ya ce Kanawa ko kabari aka ba su sai sun ƙara shago a gefe. Hajiya ta kawo kunun gyaɗa, ya sha rabi. Ba wanda ya ambaci wasa.

Da rana ta kusa tsakiya, lokacin da na saba tashi, sai na ga ya lumshe ido. Ya gyara kai a kan matashi, ya saki numfashi a hankali kamar mai barci. Amma babban yatsansa yana nan yana tura ƙwayar carbi, ɗaya bayan ɗaya. Na daɗe ina kallon yatsan kafin in gane abin da ake ba ni. Na miƙe ba tare da kujera ta yi ƙara ba. Na ɗauki takalmina a hannu. Ban ce na tafi ba, ban ce sai gobe ba, ban ce Allah Ya ƙara sauƙi ba. A tsakar gida Hajiya ta buɗe baki za ta yi magana, na girgiza mata kai, ta rufe bakinta da gefen mayafi.

Haka muke yi har yau. Ina zuwa, muna hira, yana zagina ina ramawa, kuma in azahar ta gabato sai barci ya ɗauke shi. Ni da aka yi wa tarbiyya cewa fita ba sallama halin ɓarawo ne, ina saɗaɗawa daga ɗakin aminina da takalmi a hannu, shi kuma mutumin da bai iya ƙarya ba yana kwance yana ƙaryar barci. Ba mu taɓa magana a kai ba.

'Yan kasuwa da yawa sun cuce ni a tashoshin duniya, kuma na yafe musu tun kafin in tsufa, domin aƙalla sun san fuskata, sun san abin da suka yi. Waɗannan na ƙari kuwa ina ta ƙoƙari, malamai sun ce yafiya ta fi, amma har yanzu ban iya ba.